Amfilifayar da Ba Ta Zafi

Zuwa ga uwar yarana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai jego da jaririn. Ni lafiya lau, in ban da ɓacin ran da ɗanki Injiniya ya jawo mini.

Kin san da hannuna na kafa shagon nan na kayan sauti, ba digiri ba ubangida. Duk amfilifayar da na haɗa, bayan hannu nake ɗora wa ƙarfenta: in ta yi ɗumi, aiki ya yi. Sai ga ɗanki da wasu tiransistoci ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, wai galiyam naitirai. Wai sun fi nawa sauri, ba sa ɓarnar wuta, ba sa zafi. Na ce masa kunne ke sayen amfilifaya, ba takardar makaranta ba. Ashe ya haɗa tasa a ɓoye, zai gwada wa wani mai ɗakin taro da ke neman saye.

Da ya fita cin abinci na kunna ta. Tana waƙa, amma ƙarfen sanyi ƙalau kamar gawa. Mai aiki bai yi gumi ba, ai da walakin. Na buɗe na sa tsinken mitar awon wuta in duba masa, hannu ya goce, sai tartsatsi da hayaƙi.

Da ya dawo ya ga ɓarnar. Ya kwashe kayan aikinsa, ya dire mini makullin shago a gaban maƙwabta. Kar ki kuskura ki lallashe shi.

Mijinki,
Mai Sauti

Zuwa ga uwar yarana,

Bayan gaisuwa da tambayar ƙafarki, wasiƙarki ta iso, kuma ban ji daɗinta ba. Wa ya ce miki da gangan na ƙona amfilifayarsa?

Kin tambaya ko muryarta ta fi tawa. Ba ta fi ba. Amma tawa ma ba ta fi ta ba, abin da ke cina ke nan. Mai ɗakin taro ya zo, na nuna masa tawa. Ya ɗaga ta ya yi nishi don nauyi, ya ce zai jira ta yaron.

Na sayo tiransistocin, ga su a kan tebur. Ko da tabarau ba na ganin inda zan ɗiga musu dalma.

Makullinsa na nan inda ya dire shi. Ba kiransa nake ba. Ki dai faɗa masa.

Mijinki,
Mai Sauti