Ayaba a Leda, Ranar Sallah

Zuwa ga maigidana Sadiƙu, sarkin rowa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya karatu, ya ƙafar mamanka, ya sauran mutanen gida? Mu nan unguwar Malaz, a ƙasar Larabawa, lafiya lau, in dai ci da barci ne lafiya.

Amina, maƙwabciyar nan tawa 'yar Kambodiya, iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ta koma ƙasarsu kafin Sallah. Ita kaɗai ke leƙo ni in Baffanka ya tafi aiki asibiti. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, amma haka muke wuni muna dariya.

Duk Sallah takan naɗe ayaba da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa a ganyen ayaba, ta dafa mana. Bana na ce ni zan yi. Na ɗauko shinkafar tuwo da ayaba, na ƙulla a leda kamar alala. Sadiƙu, kunu na sauke! Ƙanwarka Hanan, 'yar Baffanka da ba ta jin Hausa, ta leƙa tukunyar, ta yamutsa fuska, ta yi mini Larabci. Na ce, "Ke tafi can, mai bakin tsiya!" Ko zagin ma ba ta gane ba. Na zauna na shanye abina ni kaɗai, ina kallon ƙofa, ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa da kowa. In har kana son matarka, zo ka ɗauke ta tun ba ta manta yadda ake hira ba.

Taka,
Kaka