Ranar Juma'a Za Mu Aurar da Rabi

Assalamu alaikum, Mai Sunan Malam.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a can inda sojoji suka binne ka, wurin da har yau ƙafata ba ta taka ba. Mu nan lafiya, sai gajiya. An yanke gero, dawa ta sunkuya, gyaɗar gonar bakin rafi ba ta kai ta bara ba, amma mun gode Allah.

Ƙanwarka Hadiza ce za ta ɗora wannan a shafinta, saboda haka na san akwai masu leƙe. Su leƙa. Dama maganarka ta daɗe da fita daga ɗakina ta koma bakin mutane.

Abu ɗaya ya sa na ɗauki biro. Ranar Juma'a mai zuwa za a ɗaura wa matarka Rabi aure. Ba izini nake nema ba, mamaci ba ya ba da izini. Sanar da kai nake yi, don ban saba yi maka ɓoye-ɓoye ba.

Ka san yadda ka bar ta. Goyon Ummi take yi, yarinyar ko zama ba ta fara ba, lokacin da motar sojoji ta tsaya a ƙofar gida. Ta yi takabarta a ɗakinka, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Da ta gama na ce ta koma gidansu a ƙasar Shanono, ta ce, "Inna, bari dai in yaye ta." Ta yaye, ta ce bari a wuce damina. Uwarta ta rasu, ubanta ya tsufa, ni kuma ban kore ta ba. Haka muka zauna, tana suyar ƙuli-ƙuli tana matsar mai, ina ɓarar gyaɗa a gefenta.

Sannan Malam Nasiru ya fito, mai gyaran injin ban ruwa a Bici. Na sa an bincika. Yana salla, ba ya shan komai, ya riƙe uwarsa har ta koma ga Allah. Ban tambayi Rabi ko tana so ba. Na ga ta fara wanke mayafinta tun jajiberin ranar da yake zuwa, wannan ya ishe ni amsa. Ubanta ya aiko cewa duk abin da Inna ta yanke shi ke nan. Har an fara maganar sa rana.

Sai ga rediyo.

Ina tankaɗe a tsakar gida na ji an ambaci sunanka gaba ɗaya, har da na ubanka. Wai ɗan majalisarmu ya kai ƙuduri a ba ka lambar yabo mafi girma da ake ba soja. Suka karanta abin da ka yi: an yi muku kwanton ɓauna, an ce a ja da baya, kai ka koma cikin wuta kana ɗauko waɗanda aka harba kana kai su mota, har komawar da ba ka dawo ba. Na riga na sani. Wani abokin aikinka ya zo mana gaisuwa yana ɗingishi, ya ce a kafaɗarka ya fita daga wurin. Amma ji a rediyo daban ne. Na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, sannan na shiga ɗaki.

Ban yi mamakinka ba. Kai ne kana yaro jakin Malam Ado ya maƙale a cikin laka da mangalar taki, manya suna tsaye suna shawara, ka shiga har ƙugu. Na zane ka ranar, saboda wandon makaranta ne a jikinka. Ko yau ka dawo ka sake, zan sake. Jarumtaka daban, rashin jin magana daban, kai kuwa Allah ya haɗa maka su biyun.

Daga ranar rediyon gidan nan bai sake hutawa ba. Mutane suka dawo kamar sabon zaman makoki, sai dai ba su san gaisuwar da za su yi ba. Laraba maƙwabciyarmu ta durƙusa ta ce, "Inna, barka... a'a, Allah ya jiƙan rai... to, duk wadda ta dace dai ki ɗauka." Na dama kunu har hannuna ya sage. 'Yan jarida suka zo da na'urarsu, wata yarinya ta ce in faɗi sunanka in kalli nan. Na ce, "'Yar nan, a gidanku uwa tana kiran sunan ɗan fari?" Ta kashe abinta.

A nan baffanka Alhaji Sule ya shigo maganar. Ya ce a dakatar da auren. Wai ranar da za a ba da lambar za a kira matar marigayi ta hau dandamali, duniya tana kallo. "Yaya," in ji shi, "a ce an kira matar jarumi, mu ce tana Bici tana tuƙa wa mai gyaran inji tuwo? Ai wata biyu ne kawai, a yi haƙuri." Rabi tana bayan ƙofa tana ji. Ta ce ba komai. Rabi ko wuta ka ɗora mata a ka za ta ce ba komai.

Aka ce an yi karatu na ɗaya. Aka ce an yi na biyu. Aka ce ya tafi kwamiti. Na yi sakandare, na san ma'anar kwamiti, amma ban san ɗaki ne mai ƙofar shiga kaɗai ba. Daga nan hutu, daga hutu zaɓe ya taso, kowa ya koma neman kujerarsa. Ban ɗora wa kowa laifi ba, ƙasa babba ce, matattunta kuma suna da yawa. Baffanka ya ɗinka babbar riga ta zuwa Abuja, shadda mai aiki har ƙasa, ya ce ba zai sa ba sai ranar. Salla ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, rigar tana cikin akwati. Yanzu ma tumbinsa ya fi ƙarfinta. Hadiza kan tsokane shi, "Baffa, ko a ba wa rigar lambar haƙuri?"

Mu dariya muke yi. Rabi ce take biya.

Damina ta zo ta tafi, wata ta zo ta tafi. Ummi da ka bari a zanen goyo yanzu ita ke kora mini awaki. Malam Nasiru bai fasa zuwa ba, yana jingine mashin ɗinsa a gindin darbejiya, ya gaishe ni, ya ajiye goro, ya tafi. Har samarin unguwa suka sa masa suna Mai Jiran Gawon Shanu. Bana da aka fara girbi, yayarsa ta zo ta same ni cikin mutunci. Ta ce, "Inna, ba gori na zo yi ba. Amma in kakar nan ta wuce, dangi sun ce ya duba wani wuri."

Bayan ta tafi na leƙa madafa. Rabi tana juya tunkuza a kasko, wutar ta mutu tuntuni, ita ba ta sani ba, tana ta juyawa.

Washegari na aika aka kira baffanka. Na ce, "Alhaji, takaba Allah ne ya yanka mata iyaka, ta kuma cika ta. Wace majalisa ce ta isa ta ƙara a kan abin da Allah ya yanka?" Ya ce mutuncin gida fa. Na ce mutuncin gida shi ne kada a tsufar da 'yar mutane a tsakar gidanmu saboda hoto. Ya ce to wa zai karɓi lambar? Na ce uwarsa tana nan. In na mutu kafin su gama, 'yarsa tana nan. Lamba ƙarfe ce, ko a akwati aka bar ta ba ta yin furfura. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, bai yi mini sallama ba. Jiya dai ya aiko da buhun shinkafa, ba saƙo. Ka san halinsa, wannan shi ne amincewarsa.

Ku masu leƙe, musamman waɗanda suka rubuta wa Hadiza cewa bai kamata matar shahidi ta yi aure ba: wanne a cikinku ya taɓa kawo mata ko sabulu? Yabon mamaci ba shi da tsada, shi ya sa kowa ke iya saye. In kuna son girmama shi, ku tashi ku duba matan sojojin da ke unguwanninku.

Saura maganar Ummi. Baffanka ya so a bar ta a nan, jinin gida ce. Haka al'ada take, kuma ba wanda zai ce na yi zalunci. Na kwana biyu ina juya abin. Ita ce ke kwana a bayana, ita ke ɓoye mini carbi don in bi ta. Amma yarinya ta rasa uba, ba zan sa ta rasa uwa ina kallo ba. Za ta bi Rabi. Bici ba Makka ba ce, ranar kasuwa za a kawo mini ita.

Gidan zai yi faɗi. Na sani. Hadiza ma ba daɗewa za ta yi ba. Ɗakinka zan zuba wake a ciki, don ɗaki in ba a buɗe shi gara ce ke gaje shi. Takalmanka da suka kawo suna nan ƙarƙashin gado, ban taɓa ba.

Na gaji, ɗan nan. Na gaji da kasa kunne duk lokacin da aka ce labaran majalisa. Daga yau na bar wa Hadiza rediyon. Sun ce ba ka yarda ka bar mai sauran numfashi a baya ba. To a gidan nan ma akwai mai sauran numfashi, kuma ranar Juma'a zan fitar da ita. Ina jin da kana nan, da kai za ka riga ni, ko da na hana.

Duk ƙasar nan ta kira sunanka, ni ban taɓa ba. Ba kuma yau zan fara ba, mutane suna karantawa. Amma ka san wanda nake nufi a kowace sujada.

Allah ya karɓi shahadarka, ya yalwata kabarinka, ya yafe maka rashin jin da ka yi mini, ni na riga na yafe. Allah ya ba Rabi zaman lafiya a ɗakinta, ya raya Ummi, ya sa Malam Nasiru ya riƙe amana. Waɗanda ka ɗauko, Allah ya mai da su gidajensu lafiya. Lambar da ke wurin Ubangiji, wadda ba ta bi ta kwamiti, ya ba ka ita.

Zan tsaya nan, Rabi tana jira in sa mata lalle.

Innarka.