Wanda Ya Ratsa Shi Kaɗai

Litinin, 3 ga Maris
Fasto ya ɗora mini koyar da matan ikilisiya ranar Lahadi. Batun shi ne alkawari. Na karɓa ba gardama, domin ina ganin wannan kam na san shi. Ni da ƙanwata mun ɗauki alkawari a bakin gadon Mama cewa tare za mu riƙe Baba. Ƙanwar tawa ta tafi bayan wata huɗu. Shekara bakwai ke nan ni kaɗai nake juya shi, ina yi masa wanka.

Laraba, 5 ga Maris
Fasto ya ce a harshen Yahudawa ba ɗaukar alkawari ake yi ba, yanka shi ake yi: a raba dabba biyu, masu alkawarin su ratsa tsakani. Na ce, "Fasto, mu a wurinmu abin da aka yanke ai ya ƙare." Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Kalmar da na faɗa wa ƙanwata ke nan a bakin ƙofa: na yanke.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta sake aiko saƙo. "Yaya, ki bar ni in ga Baba." Ban amsa ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na karanta nassin da Fasto ya nuna mini sau uku. Uban masu bangaskiya ya raba dabbobin, sai barci ya kwashe shi. Ubangiji ne ya ratsa, shi kaɗai. Na nemi inda aka tashi mai barcin domin shi ma ya ratsa. Babu. Abin bai yi mini daɗi ba, kuma na san dalili.
Ina shafa wa Baba mai a ƙafa, ya ce, "Sannu, Auta." Ban gyara masa ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na koyar. Matar tela ta ɗaga hannu: "Malama, in ɗayan ya karya fa? Nawa maigidan ya karya nasa tun ba a kwashe kujerun biki ba!" Aka yi ta dariya. Na ce yarjejeniya ce take mutuwa idan ɗaya ya saɓa, alkawari kuwa... Na ce a tashi a yi waƙa.

Talata, 11 ga Maris
Na wanke zanen gadon ƙaramin ɗaki. Ƙura ce ta yi masa yawa, ba wani abu ba. Na rubuta wa ƙanwata: "Baba yana cin abinci da ƙarfe ɗaya." Wannan ba gayyata ba ce.
Faranti uku na fito da su.