Sunan Da Za A Rubuta A Bakin Kududdufi

Zuwa ga Yayana Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke taɓa ta in an yi ruwa.

Maganar kududdufin bayan gidanmu ce ta sa na ɗauki biro. Ka san Baba ne ya haƙa shi, lokacin unguwar nan duk gonaki ce, yana ɗibar ƙasa yana buga tubalin gidajen farko. Damina ɗaya ta cika ramin. Bayan rasuwarsa ni na zuba kifi, ni na dasa itatuwan da ake shan inuwarsu, ni nake shiga har ƙugu ina kwashe kainuwa duk shekara. Kai kuwa, Yaya, abin da ka yi wa ruwan nan ɗaya ne: ka faɗa ciki kana bin agwagwa, aka tsamo ka da igiyar shanya. Tun ranar mutane ke kwatance da inda Dogo ya faɗa.

To, yanzu 'yan unguwa sun kewaye shi, sun sa bencina, har sun daina ce masa kududdufi, wai tafki. Mai fenti ya zo tambayar Inna sunan da zai rubuta a allo. Ina zaune ina gyara mata fanka, ko kallona ba ta yi ba, ta ce a sa Tafkin Dogo. Na tuna mata ba ta karatun boko. Ta ce ba komai, tunda ba ta ganinka, a nuna mata inda sunanka yake ta riƙa kallo.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi, har abinci ya fita raina. Wani da noma, wani da cin tuwo. Don Allah ka kira ta kafin Asabar, ranar da za a kafa allon, ka ce a sa sunan Baba, maganarka kaɗai take ji. In ka yi shiru, ni ne dai zan haƙa ramin kafa allon, don sun ce babu wanda ya san ƙasar wurin kamata.

Ka gaida maman yara da 'yan biyu. Goggo da Kawu Tela suna gaishe ka.

Ƙaninka,
Auta