Angonki Ya Gaji Kafaɗarki

Idris ya ci, Hajiya! Sau biyu ya dire ƙwallon a bayan layi, ƙafarsa ƙalau, haƙoransa cif. Ɗazu bayan la'asar 'yarmu Rabi ta turo bidiyon a waya.

Yanzu sai gaisuwa. Ya sanyin idona, inuwata a ranar Makka, ruwan randa bayan doguwar tafiya, da fatan kina lafiya a unguwar Kudai wajen Yaya Rakiya, inda yau kwananki goma sha biyu kina fushi da ni.

Na san laifina. Jikanmu Idris ya nemi albarka zai buga wa tsibirin ubansa rugbi a gasar ƙasashen tsibirai, ni na sa masa, ke kika ce ba kya sa albarka a kokawa, kika ɗauki mayafinki. To, na kalla da idona. Mutum bakwai nan, bakwai can, ƙwallon kamar gwanda, kuma baya ake jefa ta alhali gaba ake so. Angon naki ya rungume ta, ya sunkuyar da kai, ya ratsa ƙarti uku kamar ruwa a tsagin dutse.

Wa ya gada? Ni dai kin san ko layin sayen burodin tamis ba na iya kutsawa. Kin tuna shekarar da muka zo Makka, da kika rantse sai kin sumbaci Hajarul Aswad? Kika sa wannan kafaɗa taki, ke 'yar siririya kamar karan dawa, jama'a suka dare, ni ina baya riƙe da takalmanki ina kiran sunanki. Tun ranar nake bin bayanki, ban gaji ba.

Gidanmu na unguwar Shisha ya yi mini faɗi. Shayin da nake dafawa ko ƙuda ba ya kula shi. Wata ya fito jiya, na dube shi, bai kai ki ba, kuma bai iya faɗa ba.

Ban nuna wa kowa bidiyon ba, don ke ce farko. Ki dawo, ki yi mini faɗan a gida, zan saurara har ƙarshen raina, ba ni da wata sai ke. Ran Juma'a bayan an sauko ɗanmu Rabi'u zai haɗa bidiyon a talabijin. Ki taho da Yaya Rakiya, ki gaya wa ƙawarki Ɗaso da mutanen unguwar Tandabawi, kowa ya zo ya gani.

Naki har abada,
Mahmudu