Shida Cikin Ashirin

Numeya, Sabuwar Kaledoniya, 3 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ku kai da Inna. Yaya ƙafarka? An gama shukar doya?

Ni lafiya lau nake. Makarantar kwana ba laifi, abinci ne dai ba ya shiga sosai. Saura wata guda mu yi jarrabawar Faransanci ta baka, kuma jiya aka yi mana gwaji. Na san karatuna tsaf, amma da na zauna gaban Madam Perrin sai na sunkuyar da kai, na yi ƙasa da murya, yadda kuka koya mana mu yi a gaban manya a tsibirinmu na Lifu.

Ta ce, "Waimalo, a ƙarƙashin tebur amsar take? Kalle ni."

Na kasa. Ta ba ni shida cikin ashirin. Ban yi kuka sosai ba. Kada ka gaya wa Inna.

Ina ta gwadawa a madubi, amma madubi ba shi da kwarjini. Idan na zo hutu ranar Asabar, don Allah ka zauna in yi maka bayanin ina kallon idonka. Ba raini ba ne, Baba. In na iya da kai, wace ce Madam Perrin?

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Waimalo