Jirgin da Fentinsa Ya Koɗe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ina yara? Maƙwabciyata ke rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara.

'Yarki na nan, leɓenta dai yana baƙi in ta yi kuka. Likita ya ce ran Talata za a yi mata aikin zuciyar a asibitin garinku, kuma ba za ta jure mota ba. Babanta ya yanki tikitin jirgi. Jiya na je filin jirgin na leƙa ta shinge. Yaya, jirgi biyu ne. Ɗaya sabo fil, sai ƙyalli. Namu fentinsa duk ya koɗe kamar tsohon kwano. Sabon kuma sai Alhamis. Don Allah ki roƙi likitan can ya ɗaga ranar.

Ki huta lafiya,
ƙanwarki.

*

Auta,

Muna amsawa. Na je. Ya ce in kun rasa Talata sai bayan watanni, yarinyar kuma ba za ta kai ba. Ni na hau duka biyun, kujerar sabon ta fi laushi, iyakar sanina ke nan. Kin manta keken ɗinkin Inna? Duk tsatsa, amma da yake ana ba shi mai, bai taɓa cin tufar kowa ba. Ki taho.

Allah ya kawo ku lafiya,
Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Keken Inna in ya tsaya, ai a tsakar ɗaki yake tsayawa.

Amma zan zo. Na koma filin, na tare wata mai aiki cikin jirgi. Na ce, baiwar Allah, kina da 'ya'ya? Ta ce uku. Na ce wanne kike shiga? Ta yi dariya, ta ce tsohon, kullum, har ta san inda yake gurnani. Na ce to in kin ga wata rungume da yarinya tana karkarwa, ni ce. Ko na ce a sauke ni, kar ki yarda.

Ki taro mu. Sai mun zo,
Auta.

*

Baban yarinya,

Ina gaishe ka. Yaya ke rubutawa. Mun sauka. Ƙarar jirgin sak keken Inna, 'yarka ta yi ta barci, ni ce ban iya sakin hannun kujera ba. Yanzun nan aka shiga da ita ɗakin aiki, ina bakin ƙofa.

Ka tanadi na dawowa, mu biyu. Ko wane jirgi ne.

Matarka.